Yadda Ake Haɗa Haƙoran Roba na Baki Duka: Daga Ɗaukar Awo Zuwa Daidaita Cizo

Dattijon da haƙoransa suka zube gaba ɗaya, in ya zauna a kujerar likita, tambayarsa ba ta wuce ɗaya: "Likita, ba za su faɗo ba in ina magana?" Amsar tana cikin aikin da za a yi a zama biyar ko shida masu zuwa. Wannan jagora ta ɗaliban likitancin haƙori ce da masu haɗa haƙora a ɗakin aiki, amma wanda zai raka mahaifinsa ko mahaifiyarsa asibiti ma zai gane dalilin da ya sa ake ta ce musu su dawo mako mai zuwa.

Haƙoran roba ba gam ke riƙe su ba, kuma ba nauyinsu ba. Wani likitan Ingila, Wilfred Fish, tun wajajen 1930 ya koyar cewa fuska uku gare su: wadda ke kwance a kan dasashi, ta waje mai santsi da kunci da leɓe da harshe ke gogawa, da ta cizo inda na sama ke haɗuwa da na ƙasa. Ta farko ke kawo riƙo, ta biyu ke sa naman baki ya danne su maimakon ya ture su, ta uku kuwa in ta ɓaci sai ta rushe aikin sauran biyun. Duk matakan da ke tafe hidimar waɗannan fuskoki uku suke yi.

Mataki na farko: duba bakin kafin ka taɓa tire

Sa yatsa ka bi tudun dasashi sama da ƙasa. Mai tsayi ne mai faɗi, ko ya zaizaye ya koma siriri kamar kaifin wuƙa? Akwai nama mai lilo a gaba? Akwai tsinin ƙashi, ko ƙullutun ƙashi a tsakiyar ganɗa ko a cikin muƙamuƙin ƙasa ta wajen harshe? Hoton ƙashi zai nuna maka ko akwai guntun saiwa da ya saura. Duk gyambon da ya haura mako biyu bai warke ba, a tsaya a bincike shi tukuna, ba a ɗora roba a kai.

Ƙashin da ke riƙe haƙori yana fara zaizayewa daga ranar da aka cire haƙorin, kuma ya fi sauri a watannin farko. Shi ya sa ake so a jira dasashi ya warke sosai, wata biyu zuwa uku, sai dai in an shirya yin na wucin gadi. Binciken Antje Tallgren da ya fito a 1972, wanda ya bi masu haƙoran roba har shekara 25, ya nuna tudun gaban muƙamuƙin ƙasa yana zaizayewa kusan ninki huɗu na na sama. Ga shi kuma na ƙasa filinsa kaɗan ne, harshe na kai-komo a gefensa. Don haka ka faɗa wa mai haƙori gaskiya tun zaman farko: na sama zai kama, na ƙasa sai an koya. Wanda aka gaya wa haka tun farko yakan yi haƙuri. Wanda aka yi wa alkawarin zai yagi kilishi washegari, shi ne zai dawo da haƙoransa a aljihu.

Duba yawu. Bakin da ya bushe ba ya riƙe roba, kuma yana saurin gogewa. Ciwon suga da wasu magungunan hawan jini suna busar da baki, sai ka tambaya. In yana da tsofaffin haƙoran roba, karɓi ka duba su da kyau, ka tambaye shi me yake so a cikinsu, me ya dame shi. Abin da ya yi shekara goma yana amfani da shi, kada ka sauya masa shi baki ɗaya don kawai littafi ya ce.

Mataki na biyu: awon farko

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Zaɓi tire, wato mazubin da ake sawa a baki a ɗauki awo, wanda ya rufe tudun duka ya bar ɗan fili, na sama ya kai har lungunan da ke bayan ƙarshen tudu dama da hagu, na ƙasa ya hau kan ɗan matashin naman da ke can ƙarshen tudu. A kwaɓa aljinet, garin ɗaukar awo da ake haɗawa da ruwa, a ɗauka. A zafin Kano ko Maiduguri ruwan famfo da ɗumi yake zuwa, aljinet sai ya daskare tun kana kwaɓawa, don haka nemi ruwa mai sanyi. Da hunturu kuma awon kan bushe ya tsuke nan da nan. Lulluɓe shi da jiƙaƙƙen bandeji, ka zuba filasta ba tare da ɓata lokaci ba.

Mataki na uku: tire na musamman da gyaran gefuna

A kan filastar farko ake gina tiren da ya dace da wannan bakin shi kaɗai. Gefensa ya gaza kaiwa ƙarshen kwarin da ke tsakanin dasashi da kunci da kamar milimita 2, a kuma buɗe wa kowane linzami hanya, na leɓe da na kunci da na ƙarƙashin harshe.

Sai gyaran gefuna, wanda shi ne aka fi tsallakewa in layi ya yi tsawo, kuma shi ne asirin riƙo. Ka ga yadda ƙahon wanzami ke kama fata: muddin bakinsa ya zauna daram babu inda iska ke shiga, yana nan. Da an ɗaga gefe ɗaya ya faɗi. Haka haƙoran sama suke, siririn yawu a tsakani, gefuna a rufe. Ana narka koren kaki na musamman a shafa a gefen tire kashi-kashi, a tsoma a ruwan ɗumi don kada ya ƙona, a sa a baki, a ja leɓe da kunci ƙasa da ciki. Mai haƙori ya tsuke baki, ya yi murmushi, ya buɗe sosai, ya kai muƙamuƙi dama da hagu. A na ƙasa, ya lashi leɓen sama, ya taɓa kunci dama da hagu da harshe, ya haɗiyi yawu. Naman bakinsa ne ke zana iyakar, kai dai riƙe tire kake yi.

Gefen da ya yi tsawo, nama zai ture shi duk sanda aka yi magana, kuma zai yi gyambo. Wanda ya gaza, iska za ta shiga. Kauri ma yana da muhimmanci: gefe ya cika kwarin, kada ya zama siriri.

Iyakar baya ta sama tana kan layin da naman ganɗa mai laushi na can baya ke fara motsi. Ce masa ya ce "aah" a gajarce, ka ga inda nama mai motsi ya rabu da mara motsi, ka yi alama daga lungun dama zuwa na hagu. A nan ake ɗan kankare filasta, zurfin kamar milimita 1 zuwa 1.5 a inda naman ke da laushi, ƙasa da haka a tsakiya, don robar ta fito da ɗan tudu mai danna nama ya toshe iska. Dalili shi ne akrilik, robar da ake yin haƙoran da ita, yana ɗan tsukewa wajen dafuwa, ya ɗaga daga ganɗa ta baya. Masu haƙori da yawa sukan roƙa a rage musu bayan don yana sa su yunƙurin amai. Yi hankali a nan, domin sau da yawa kauri ne ko sassauci ke jawo haka, kuma in ka yanke wannan tudun ka yanke riƙon gaba ɗaya.

A ƙasa, nauyin tauna ya kamata ya sauka kan faffadan ƙashin da ke gefen tudu ta wajen kunci, a daidai turame. Ƙashi ne mai tauri da ke jure matsi fiye da ƙololuwar tudu. Robar ta rufe shi, ta kuma hau matashin naman ƙarshe. Haƙoran ƙasa ƙanana da ke zaune kan ƙololuwa kawai, waɗanda ake gani daga hannun masu yi a gefen kasuwa, su suka fi cinye ƙashi.

Bayan gefuna sun kammala, a ɗauki awon ƙarshe da kwaɓin zinki da man kanumfari, ko da silikon. Na kanumfarin yana fitar da zane sarai, amma yana yi wa busasshen baki zafi yana kuma mannewa, don haka ga irin wannan baki silikon ya fi. Inda nama ke lilo a huda tire ko a buɗe taga, don kada a ɗauki awonsa a danne.

Mataki na huɗu: tsayi da cizo

Nan ne gizo ke saƙa. Kuskuren da aka yi a nan ba ya gyaruwa da goge-goge daga baya.

Ana gina katangar kaki a kan faranti, wato gindin wucin gadi da ke kwanciya kan dasashi, ta sama da ta ƙasa. Daga ɗakin aiki yawanci takan zo da tsayin kusan milimita 22 a sama, 18 a ƙasa, amma wannan mafari ne kawai. A ajiye su cikin ruwan sanyi tsakanin gwaji da gwaji, don kakin da ya sha zafin rana lanƙwashewa yake yi.

Fara da ta sama. Da farko cikar leɓe: ƙara ko rage kaki ta gaba har leɓen ya tashi daidai, ba a shanye ba, ba kuma a kumbure ba. Akwai ɗan ƙullutun nama a ganɗa, bayan inda haƙoran gaba biyu suke a da. Fuskar haƙoran gaba takan kasance milimita 8 zuwa 10 a gabansa. Sai tsayi: in leɓe na hutawa, kaki ya leƙo da kamar milimita 1 zuwa 2, ga tsoho kuwa daidai da leɓe ko ƙasa da haka, don leɓen sama yana sauka da shekaru. Daga gaba, shimfiɗar kakin ta yi daidai da layin da ya haɗa ƙwayar ido biyu. Daga gefe, ta bi layin da ya tashi daga gefen hanci zuwa ɗan guringuntsin ƙofar kunne. Da farantin Fox, wani shafaffen ma'auni da ake ɗorawa kan kakin hannayensa su fito gefen fuska, ake duba wannan. A ƙasa kuma shimfiɗar ta ƙare a kusan rabi zuwa kashi biyu cikin uku na tsayin matashin naman ƙarshe, kada ta haura gefen harshe, in ba haka ba harshe ba zai iya ɗora abinci a kai ba.

Yanzu tazarar hutu. Mutum in yana zaune shiru, haƙoransa ba sa haɗuwa, akwai fili na milimita 2 zuwa 4 a tsakani. Zaunar da shi tsaye, kansa ba a jingine ba. Ɗiga alama a kan hanci da haɓa, ya lashi leɓe, ya haɗiyi yawu, ya saki jiki, ka auna. Maimaita har adadin ya tsaya wuri ɗaya. Sannan ya cije kan kakin biyu, ka sake aunawa. Na biyun ya gaza na farko da milimita 2 zuwa 4.

In ka cinye wannan fili, haƙora za su riƙa ƙwanƙwasar juna yana magana, muƙamuƙi ya gaji, dasashi duka ya yi ja ya yi ciwo, ya ce maka bakin ya cika. In filin ya yi yawa, haɓa ta matso hanci, fuska ta tsufa, kusurwar baki ta riƙa jiƙewa tana tsagewa, tauna ba ƙarfi. In dole sai an karkata, gara fili ya ɗan yi yawa da ya gaza, musamman ga tsoho mai zaizayayyen tudu.

Ma'auni shi kaɗai ba ya isa, a haɗa da magana. Sa shi ya ƙirga daga sittin zuwa saba'in. Wajen furta "s" haƙoran sama da na ƙasa suna matsowa dab da juna amma ba sa taɓawa. In ka ji suna karo, tsayi ya yi yawa. Littattafan Turai suna kuma cewa a gwada da "f", a ga ko kaifin haƙoran sama ya sauka kan leɓen ƙasa. Wannan gwaji ba ya aiki sosai ga Bahaushe, domin mu da leɓe biyu muke furta "f", a Sakkwato da Katsina ma sau da yawa "hw" ko "h" take komawa. Dogara da "s" da kuma yadda leɓe ke kwanciya. Ga mai karatun Alƙur'ani, ka bar shi ya karanta abin da ya saba, shi da kansa zai gaya maka harafin da ya ƙi fita.

Saura matsayin muƙamuƙi gaba da baya. Wanda ya daɗe ba haƙora ya saba turo muƙamuƙi gaba don dasashi ya haɗu, kuma da ka ce "ciza" haka zai yi. Abin da ake nema shi ne matsayin da gaɓar muƙamuƙi ke zaune a mazauninta ba tare da tilas ba, don shi kaɗai ne ake iya komawa kansa a maimaita. Kada ka ce ciza. Ce masa, "Baba, kai harshenka can bayan ganɗa, ka rufe a hankali," yatsunka na riƙe da farantin ƙasa. Ko ya haɗiyi yawu ya tsaya a nan. Ja layi a kakin sama da na ƙasa, ya buɗe ya rufe sau da yawa, ka ga ko layukan na komawa wuri ɗaya. Sai sun koma za ka yanka ƙananan tsagi ka haɗe su da silikon ko kwaɓin zinki. Lura kada duwawun farantan biyu su haɗu ta baya su karkatar da cizon. Kafin ya tashi, yi alamar tsakiyar fuska, da layin fiƙa a kusurwar baki, da iyakar da leɓe ke kaiwa in ya yi dariya.

Mataki na biyar: zaɓe da jera haƙora

Kowa fari tas yake so. Nuna masa launuka a hasken rana, ka jiƙa su, ka sa kusa da fuskarsa. Dattijon da ya yi shekara hamsin yana cin goro, in ya fito da haƙora kamar alli, duk majalisa ta san na roba ne. Tsohon hoto na taimakawa. In da wushirya gare ta kuma tana so a mayar mata, a mayar, ita ce fuskar da 'ya'yanta suka sani.

Ana ɗora filasta biyu a kan atikuleta, na'urar da ke kwaikwayon motsin muƙamuƙi. Haƙoran gaba na sama suna bin kakin da aka gyara. Turamen ƙasa kuwa su zauna kan tudu, a tsakiyar filin da turin harshe da na kunci suka yi kunnen doki. In sun karkata ciki sun matse harshe, shi kuma zai ɗaga su. In tudu ya zaizaye ƙwarai, ana iya sa abu mai laushi a kan faranti, mai haƙori ya yi magana ya haɗiyi yawu, naman bakin ya zana wannan fili da kansa. Kada a jera haƙori kan gangaren da ke hawa zuwa matashin ƙarshe, gara a bar turmi ɗaya.

Bambancin cizon roba da na haƙoran Allah shi ne wannan: haƙoran roba abu ɗaya ne dunƙule, in aka danna gefe ɗaya ɗayan ya ɗaga. Saboda haka ake so in muƙamuƙi ya goce dama, hagu ma akwai inda ke taɓawa, in ya turo gaba, baya ma na taɓawa. Wani injiniya, Rudolph Hanau, a 1926 ya lissafa abubuwa biyar da ke haɗuwa su ba da wannan daidaito: gangaren gaɓar muƙamuƙi, gangaren haƙoran gaba, kwanciyar shimfiɗar cizo, lanƙwasar jeri ta baya, da tsayin tsinin turame. Na farkon na mai haƙori ne, ba ka da iko a kai. Wanda ya fi zama a hannunka shi ne na biyu: kada haƙoran gaba na sama su rufe na ƙasa da zurfi, kuma kada su taɓa juna a cizon tsakiya, wato cizon da aka ɗauka a mataki na huɗu. Turame masu tsini na digiri 33 ko 20 sun dace da tudu mai kyau. Ga zaizayayyen tudu, ko wanda cizonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, masu shafaffen kai sun fi, ko a bar tsinin ciki na turamen sama kaɗai ya sauka cikin kwarin na ƙasa. Wasu na cewa da abinci ya shiga tsakani daidaiton ya tafi. Gaskiya ne, amma mutum ya fi haɗa haƙora wajen haɗiyar yawu da goga su a banza fiye da wajen tauna.

Mataki na shida: gwaji da dafawa

Haƙora na kan kaki, komai na iya sauyuwa. Sake duba tazarar hutu, cizo, magana, tsakiyar fuska. Sa siririyar wuƙar kaki tsakanin turame ka gwada ɗagawa, in ta shige gefe ɗaya, cizon ƙarya ne, a sake ɗauka. Ba shi madubi, a kira wanda ya rako shi ya gani, don mutanen gida ne za su fara cewa "ba su yi maka kyau ba."

A ɗakin aiki, fuskar waje ta ɗan lotsa ciki yadda kunci da harshe za su kwanta a kai su danne. Akrilik, wanda ya shigo aikin haƙori wajen 1937 ya ture robar bulkanait, ana kwaɓa shi kashi uku gari, kashi ɗaya ruwa bisa mudu. A dafa a digiri 74 na kusan awa takwas, ko awa biyu sannan a tafasa awa ɗaya. Ruwan akrilik yana tafasa a ɗan sama da digiri 100, kuma kwaɓin na fitar da zafin kansa, don haka wanda ya jefa shi kai tsaye cikin tafasasshen ruwa zai samu roba mai ƙananan ramuka. A bar shi ya huce a hankali.

Mataki na bakwai: sakawa da bibiya

Shafa yatsa a ciki ka cire duk wani tsini. Shafa farin man gano matsi, ka sa, ka danna, ka rage inda man ya goge. Sai bayan kowanne ya zauna shi kaɗai za ka duba cizo da takardar launi. Dasashi na lotsawa yana ɓoye kuskure, shi ya sa in kuskuren ya wuce kaɗan gara a sake ɗaukar cizo a gyara kan atikuleta. A cizon tsakiya a zurfafa kwari, kada a taɓa tsinin da ke riƙe tsayi. A gefen da ake tauna, a rage tsinin waje na sama da na ciki na ƙasa.

Ya dawo washegari, sannan bayan mako. Ciwo a wuri ɗaya a gefe, gefen ne ya yi tsawo. Ciwo a kan tudu da ke yawo daga nan zuwa can, cizo ne. Ciwo ko'ina, tsayin cizo ne ya yi yawa. Na sama na faɗowa in ya buɗe baki sosai, duba kaurin gefen baya ta wajen kunci. Yana cizon kunci, turamen sama da na ƙasa sun tsaya kai da kai, a ɗan rage gefen waje na na ƙasa.

A gida ya fara da tuwo mai laushi, kunu, ƙwai, dankali, loma ƙanana, yana tauna dama da hagu lokaci ɗaya. Kada ya gatsa da gaba. Tsire a yanka masa ƙanana, rake da aya kuwa a haƙura da su. Ya cire bayan cin abinci ya wanke da buroshi mai laushi da sabulu a kan kwano mai ruwa, don in sun suɓuce kada su fashe. Toka da gawayi suna karce su, ruwan zafi yana lanƙwasa su. Da dare a cire a sa cikin ruwa, domin kwana da su ke kawo jan ganɗa na ƙwayar kandida. Kada ya sa reza ko fayil ya rage da kansa, kada kuma a liƙa karaya da gam ɗin kasuwa.

Ƙashi bai daina zaizayewa ba, don haka a duba shi duk shekara. In riƙo ya ragu amma cizo da tsayi na nan, a yi wa cikin sabon shafi. In turame sun cinye, sai sabo. Wanda tudunsa na ƙasa ya shafe har duk wannan bai wadatar ba, akwai dasa ƙusoshi biyu a gaban muƙamuƙi a maƙala robar a kai, abin da taron masana a jami'ar McGill ta Kanada ya ba da shawara a 2002 a matsayin zaɓin farko ga muƙamuƙin ƙasa. Kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin mutane, amma a gaya wa mai haƙori akwai shi, a kuma tura shi asibitin koyarwa in yana da hali.